Tarihin Shehu Muhammadu Ɗahiru Ibn Ashur, Mai Tafsirin Attahariru Wattanwiru

 

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure a ƙasar Hausa ya ci albarkacin malaman ƙasar Tunisiya, ko ya sani ko bai sani ba. Risala da ake karantawa a kowane gari, mai ita Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan ne, kuma Mudawwana, wadda ita ce uwar littattafan mazhabar Malikiyya, a wannan birni Imam Sahnun ya tattara ta. To, a wannan mako tarihin wani malami ne na wannan ƙasa za a kawo, amma na kusa da zamaninmu, watau Shehu Muhammadu Ɗahiru Ibn Ashur, wanda ya rasu cikin 1973. Kada mai karatu ya rikita shi da Ibn Ashir mai littafin Murshidul Mu'in, domin shi wancan mutumin Fas ne a ƙasar Maroko, ya kuwa rasu tun cikin 1040 ta Hijira. Sunayen ne kawai suka yi kama.

Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a tsaya a kansa shi ne wata tambaya da ta dami malaman Musulunci tun daga ƙarshen ƙarni na 19, har yau kuwa ba ta kwanta ba. Tambayar ita ce, shin mai tafsirin Alƙur'ani a wannan zamani iyakar aikinsa ya maimaita abin da magabata suka faɗa, ko kuwa yana da damar ya ƙara wani abu? In yana da dama, to, ina iyakarta, kuma da wane makami zai shiga? Mutane da yawa sun ba da amsa da baki. Ibn Ashur ya ba da tasa amsar da littafi mai juzu'i 30, wanda ya ci masa shekara 39 da wata shida.

An haife shi a Marsa, wani gari na bakin teku kusa da birnin Tunis, cikin 1879, watau 1296 ta Hijira. Yana da shekara biyu Faransawa suka ɗora hannu a kan ƙasar, cikin 1881, ba su kuwa ɗauke ba sai 1956, sa'ad da ya riga ya kai shekara 77. Ke nan ƙuruciyarsa da ƙarfinsa duka a ƙarƙashin mulkin mallaka suka wuce. Asalin gidansu mutanen Andalus ne, waɗanda suka yi hijira da addininsu zuwa garin Sala na Maroko, daga nan suka gangaro Tunis cikin ƙarni na 17. Kakansa na wajen uba, wanda aka sa masa sunansa, ya yi alƙalanci ya kuma yi mufti kafin ya rasu cikin 1868. Kakansa na wajen uwa kuwa shi ne Muhammadul Aziz Bu'attur, babban wazirin Sarkin Tunis, mutum mai ilmi da tarin littattafai, wanda ya ja yaron a jiki, ya karantar da shi da kansa, ya buɗe masa ɗakin littattafansa. Wannan gata ya amfane shi ƙwarai wajen karatu. Amma daga baya shi ne ya zame masa kaya, domin masu neman 'yancin ƙasa ba su taɓa daina kallonsa a matsayin ɗan fada ba.

Bayan ya haddace Alƙur'ani ya kuma taɓa Faransanci, sai ya shiga Masallacin Zaituna cikin 1892. Zaituna a Tunis kamar Azhar take a Alƙahira, masallaci ne kuma jami'a. Ya shekara bakwai yana ɗalibta, ya sami babbar shahadar wurin cikin 1899, bai daɗe ba kuma aka ba shi kujerar karantarwa a nan inda ya yi karatu. Cikin malamansa, waɗanda suka fi yi masa tasiri su ne Shehu Salim Buhajib da Shehu Muhammadu Annakhli, dukansu masu son gyara ne. Babban amininsa tun suna ɗalibai shi ne Muhammadul Khidir Husaini, wanda ya koma Masar har ya zama Shehun Azhar cikin 1952. Cikin ɗalibansa kuma akwai Abdulhamid Ibn Badis, jagoran malaman Aljeriya, wanda ya karanci adabin Larabci a gabansa.

Yana saurayin malami ya fara rubuta wani littafi a kan ciwon da ya kama karatun addini, mai suna Alaisas Subhu Biƙarib, ko da yake ba a buga shi ba sai 1967. A ciki ya bi fannoni ɗaya bayan ɗaya yana nuna abin da ya tauye kowanne. Da ya zo kan tafsiri sai ya ga cewa tsoro ne ya fara daƙile shi: mutane sun ɗauka duk maganar da ba a ruwaito ta daga wani na farko ba haramun ce, ko da ruwayar kanta mai rauni ce. Sa'an nan ga raunin Larabci da balaga, ga jahiltar tarihi da halayen al'ummomi da addinansu, waɗanda ake zaton ba ruwansu da Alƙur'ani alhali kuwa ba a gane wasu ayoyi sai da su. A ɗaya gefen kuma ga masu tafsiri da ke barin ayar su shiga dogon nahawu ko jayayyar ilmin kalam, har a manta da abin da aka zo yi. Duk malamin da ya san yadda ake karatun matani da sharhi da hashiya, inda za a kwashe yini ana juya jumla guda ta mai sharhi ba a kai ga Littafin Allah ba, ya san ba ƙage ya yi ba.

Cikin 1903 Shehu Muhammadu Abduhu, muftin Masar, ya kai ziyara Tunis karo na biyu, Ibn Ashur kuma yana ɗan shekara 24 ya sadu da shi. A lokacin nan Abduhu yana tsakiyar karatun tafsirinsa a Azhar, wanda ya fara cikin 1899, almajirinsa Rashid Rida yana rubutawa yana bugawa a mujallar Almanar. Manufar Abduhu ita ce a mai da Alƙur'ani matsayinsa na littafin shiriya, a kakkaɓe masa labaran Isra'iliyyat, a yi magana da shi a kan halin da al'umma ke ciki. Ibn Ashur ya karɓi wannan kira hannu bibbiyu, har ya kāre Abduhu a rubuce da hujjojin Malikiyya sa'ad da aka yi masa ca a kan fatawar da ya bai wa Musulmin Taransibal ta Afirka ta Kudu. Sai dai bai zama inuwar Abduhu ba. Su mutanen Almanar sun yi sassauci da balaga da i'irabi don gudun kada su shagaltar da mai karatu, shi kuwa yana ganin ta ƙofar harshe kaɗai ake shiga ma'ana. Bai kuma bar mazhabarsa ba, ya rayu ya mutu Bamalike a fiƙihu, Ba'ash'are a aƙida.

Muƙamai sun zo masa bi da bi. Ya zama alƙalin Malikiyya cikin 1913, ya shekara goma a kai, ya zama mufti, sa'an nan cikin 1932 aka naɗa shi Shehul Islam na Malikiyya, shi ne kuwa na farko da ya riƙe wannan suna, domin a da malaman Hanafiyya kaɗai ake ba shi, su da ke mazhaba ɗaya da gidan sarauta. A shekarar kuma aka damƙa masa shugabancin Zaituna. A tsakanin nan, cikin 1925, da alƙalin nan na Masar Ali Abdurraziƙ ya fitar da littafinsa mai cewa Musulunci bai zo da tsarin mulki ba, Ibn Ashur yana cikin waɗanda suka mai da masa martani a rubuce. Wannan ya isa ya nuna cewa ba kowace sabuwar magana yake yi wa maraba ba.

Shugabancinsa na farko bai yi ƙarko ba. Faransawa sun yi doka cikin 1923 wadda ta sauƙaƙa wa mutumin Tunisiya ya zama ɗan ƙasar Faransa, wanda kuwa ya yi haka ya koma ƙarƙashin dokokinta ke nan a aure da gado. Jama'a suka ɗauki irin waɗannan mutane a matsayin waɗanda suka bar shari'a, suka hana a binne su a maƙabartun Musulmi, har aka riƙa artabu a bakin kaburbura. Cikin 1933 hukuma ta nemi fatawar majalisar shari'a a kan tuban irin wannan mutum. Labari ya bazu a gari cewa manyan malamai sun yi wa Faransa sassauci, jaridun 'yan kishin ƙasa suka yi wa Ibn Ashur rubdugu, ɗaliban Zaituna suka ƙaurace wa karatu, a shekarar ya sauka daga shugabancin. Ya koma gida ya duƙufa ga rubutu. Aka komo da shi cikin 1945, a wannan karon kuwa ɗaliban da kansu suka yi murna da zuwansa. Ya yawaita rassan Zaituna a garuruwa, ya shigar da lissafi da kimiyya cikin manhaja, ya buɗe wa 'yan mata ƙofa, ya tsaya a kan gina wa ɗalibai masauki.

Cikin 1946 ya fitar da littafinsa Maƙasidush Shari'atil Islamiyya, watau manufofin shari'a, wanda ba a fahimtar tafsirinsa sosai sai da shi. Wannan fanni Imam Shaɗibi na Andalus ne ya shimfiɗa shi cikin Muwafaƙat tun ƙarni na 8 na Hijira, aka bar shi ya yi ƙura. Ibn Ashur ya tashe shi, ya nemi a mai da shi ilmi mai cin gashin kansa, ya kuma nuna cewa shari'a an gina ta a kan fiɗira, watau halittar asali da Allah ya yi ɗan Adam a kanta, da sauƙi, da daidaito tsakanin mutane, da 'yanci. Wani babi mai daɗi a littafin shi ne inda ya bi sawun Imam Ƙarafi ya rarrabe matsayan da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake magana a cikinsu, har ya kai su goma sha biyu. Wani lokaci isar da hukunci yake yi, wani lokaci shari'a yake yankewa tsakanin mutum biyu, wani lokaci a matsayin shugaba yake magana, wani lokaci kuwa shawara ce kurum. Dubi ƙissar Barira, baiwar da aka 'yanta ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu. Annabi ya yi mata magana ta koma, ta tambaya ko umurni ne, da ta ji cewa ceto ne kawai sai ta ƙi, ba a kuwa zarge ta ba. Wanda bai rarrabe irin waɗannan matsayi ba zai ɗora wa mutane wajibin da Allah bai ɗora musu ba.

To, sai babban aikin. Ya fara tafsirin cikin 1341 ta Hijira, ya kammala shi ranar Jumma'a 12 ga Rajab 1380, watau ƙarshen Disamba 1960, a gidansa na Marsa. Sunan da ya fara sa masa dogo ne, yana ɗauke da ma'anar tace ingantacciyar ma'ana da haskaka sabon hankali, sa'an nan ya taƙaita shi ya zama Attahariru Wattanwiru. Tun a gabatarwa ya bayyana matsayinsa game da littattafan magabata. Yana ganin mai rungume su ba ya ƙara kome ya cuci al'umma, mai neman rushe su shi ma ya cuce ta, abin da ya dace shi ne a gyara ginin a ɗora a kansa. Saboda haka Kashshaf na Zamakhshari, da Ibn Aɗiyya, da Razi, da Baidawi, da Ƙurɗubi, da Alusi, da Ɗabari, duk suna buɗe a gabansa, yana karɓa yana mayarwa, ba ya jin nauyin cewa wane ya yi kuskure a nan in hujja ta nuna haka.

Kafin ya taɓa Fatiha sai da ya rubuta muƙaddima goma, waɗanda su kaɗai sun isa littafi, su ne kuma masu binciken hanyoyin tafsiri a jami'o'i suka fi komawa gare su. A ta uku ya ɗauki maganar tafsiri da ra'ayi, wadda ita ce ƙashin bayan rigimar duka. Bai musanta cewa an yi hani ba. Abin da ya yi shi ne ya bayyana wanda hanin ya hau kansa: mutumin da ya faɗi abin da ya faɗo masa a rai ba tare da sanin Larabci da ƙa'idojin shari'a ba, ko wanda ya riga ya ƙulla aƙidarsa sa'an nan ya zo yana murɗe aya don ta bi shi, kamar yadda Baɗiniyya suke yi. Amma wanda ya cika kayan aiki ya yi tadabburi, wannan abin da aka umurce shi ya yi. Hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce. Ayoyin da Annabi ya fassara da bakinsa kaɗan ne, sahabbai sun saɓa wa juna a ma'anoni da yawa, da kuwa duk ji suka yi daga gare shi da ba su saɓa ba. Shi kansa Ɗabari, wanda ake kira shugaban masu tafsiri da ruwaya, yakan jero maganganu sa'an nan ya rinjayar da ɗaya da hujjar harshe da waƙoƙin Larabawa. In wannan ba aiki da hankali ba ne, to, mene ne?

A muƙaddima ta huɗu ya ce wajibi ne mai tafsiri ya san abin da Alƙur'ani ya sauka dominsa, watau gyaran mutum shi kaɗai, da gyaran jama'a, da gyaran zaman duniya. Ya ƙididdige manufofi takwas, tun daga gyaran aƙida da tarbiyyar hali da shimfiɗa hukunci har zuwa tafiyar da al'umma da tabbatar da gagarar Alƙur'ani. A nan ne ya saɓa wa Shaɗibi, duk da girman da yake ba shi. Shaɗibi yana ganin tun da Alƙur'ani ya sauka ga Larabawa ummiyyai, ba a neman wata ma'ana a cikinsa da ta wuce abin da suka sani. Ibn Ashur bai yarda ba, domin littafin da aka saukar wa dukkan zamunna ba zai yiwu fahimtar mutanen ƙarni guda ta ƙure shi ba. Sai dai bai saki linzami ba. Ya kasa ilmomi kashi-kashi: akwai wanda Alƙur'ani ya ƙunsa, akwai wanda ke ƙara wa mai tafsiri basira kamar ilmin taurari, akwai wanda aka yi nuni gare shi, akwai kuma wanda ba shi da wata alaƙa da shi sam. Sharaɗin kullum shi ne lafazin Larabcin ya iya ɗaukar ma'anar ba tare da an matsa masa ba. Wanda ya duba Aljawahir na Shehu Ɗanɗawi Jauhari, mutumin Masar da ya rasu cikin 1940, ya ga yadda aka cika shi da hotunan tsirrai da dabbobi da taurari har ayar ta nutse, zai gane amfanin wannan sharaɗi.

Haka kuma ya taka wa masu yawaita sababin saukar ayoyi burki. Yana ganin an cika littattafai da ruwayoyi marasa ƙarfi, har mutane suka zaci kowace aya sai da wani abu ya faru ta sauka, wannan kuwa yana tsuke ma'ana, yana kuma yayyanka sura ta zama guntaye. Ya karɓi abin da ya inganta wanda ba a gane ayar sai da shi, ya ajiye saura a matsayin misali. Game da ƙissoshin Alƙur'ani, ya tsaya a kan cewa gaskiya ne abin da ya faru, an kawo su don wa'azi da koyar da sunnar Allah cikin al'ummomi. Wannan matsayi yana da nauyi in an tuna hayaniyar da aka yi a jami'ar Alƙahira cikin 1947, sa'ad da Muhammadu Ahmad Khalafallah, ɗalibin Amin Alkhuli, ya rubuta kundin digirinsa yana cewa ba lalle ne a ɗauki kowace ƙissa a matsayin tarihi ba, aka ƙi karɓar kundin. Alkhuli da matarsa A'ishatu Abdurrahman, wadda aka sani da Bintush Shaɗi'i, su ma ta ƙofar harshe da adabi suka shiga tafsiri kamar Ibn Ashur, ita kam ta yi aiki mai kyau a kan gajerun surori. Bambancin shi ne shi ya shigo da alƙalanci da fatawa na shekaru a bayansa, bai taɓa raba daɗin lafazi da hukuncin da ke cikinsa ba.

Muƙaddima ta tara ita ce malaman Larabci suka fi sha'awa. A cikinta ya kafa ƙa'ida cewa in jumlar Alƙur'ani tana iya ɗaukar ma'ana biyu ko fiye, ba su kuwa karo da juna, kuma harshen Larabci ya yarda da su, to, a ɗauka duka ana nufinsu, ba sai an zaɓi ɗaya an yar da saura ba. Ya kafa hujja da hadisin Abu Sa'id ɗan Mu'alla, wanda Annabi ya kira shi yana cikin salla bai amsa ba, da ya idar Annabi ya tuna masa ayar Suratul Anfal mai umurni da amsa kiran Allah da Manzonsa, alhali asalin ma'anar ayar bin shiriya ne. Da wannan ƙa'ida ya kashe gardama da yawa da aka daɗe ana yi a banza.

In ya shiga sura, yakan fara da sunayenta da dalilinsu, ko ta Makka ce ko ta Madina, ta nawa ce a jerin sauka, ayoyinta nawa ne a ƙidayar kowane gari, sa'an nan ya jero manufofinta, don mai karatu ya ga surar a dunƙule kafin a shiga daki-daki. Yana kula ƙwarai da yadda aya ke haɗuwa da 'yar'uwarta, ko da yake bai ga wajibi ne a nemo dangantakar sura da wadda ke bin ta ba. Ya gina tafsirin a kan ƙira'ar Nafi'u ta ruwayar Ƙalun, wadda mutanen Tunisiya ke karatu da ita. Ƙalun kuwa abokin karatun Warshu ne, malaminsu ɗaya, saboda haka almajirin da ya tashi da allo a ƙasar Hausa ba zai ji baƙunci sosai ba.

Misali guda ya isa ya nuna yadda manufofin shari'a ke aiki a hannunsa. A aya ta 34 ta Suratun Nisa'i, inda aka ambaci matakan da miji zai bi da matar da ta yi tsiwa har aka ambaci duka, bai ce an shafe ayar ba, bai kuma karkatar da kalmar zuwa wata ma'ana da Larabawa ba su sani ba, kamar yadda wasu na baya suka yi. Ya bayyana cewa izini ne da aka yi la'akari da al'adun wasu mutane a cikinsa, an kuma ɗaure shi da manufar gyaran zaman aure. Sa'an nan ya ce in hukuma ta ga mazaje sun wuce gona da iri, ba sa tsayawa a kan iyaka, tana da ikon ta hana, ta kuma sanar cewa wanda ya doki matarsa za a hukunta shi. Wannan maganar tsohon alƙali ce wanda ya shekara goma yana sauraron ƙarar ma'aurata.

Littafin bai kuɓuta daga suka ba, wani sukan kuma yana da tushe. Yana da nauyi, wanda bai ƙoshi da nahawu da balaga ba zai sha wuya, ba irin Jalalaini ba ne da za a ɗauka a fassara wa jama'a a zaman Ramalana kai tsaye. Malaman da ke bin tafarkin Salafiyya sun yi masa raddi a kan tawilin wasu siffofin Allah bisa hanyar Ash'ariyya. Waɗanda suka saba da zafin Fi Zilalil Ƙur'an na Sayyid Ƙuɗub, ko Tafhimul Ƙur'an na Maududi, suna ganin Ibn Ashur ya cika sanyi, mutum ya karanta juzu'i guda bai ji ƙarar abin da Faransa ke yi a bakin ƙofarsa ba. Gaskiya ne bai mai da tafsirinsa dandalin siyasa ba. Amma littafin da aka rubuta don rikicin shekara kaza yakan tsufa tare da rikicin, nasa kuwa sai daɗa neman sa ake yi, masu ra'ayoyi daban-daban suna kafa hujja da shi, har da waɗanda suka soki aƙidarsa.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da jarrabawa. Da aka sami 'yancin kai cikin 1956 aka sake ba shi shugabancin Zaituna, amma gwamnatin Habib Burgiba tana da nata nufin. Dokar ilmi ta 1958 ta haɗe makarantu duka a tsari guda, rassan da ya sha wahalar kafawa suka narke a ciki, cikin 1961 kuma Zaituna ta koma tsangaya guda a jami'ar Tunis. Cikin Fabrairu 1960, gab da azumi, Burgiba ya yi jawabi yana kiran ma'aikata su sha azumi, wai ƙasa tana jihadi da talauci, mai jihadi kuwa an yi masa rangwame. Ya nemi manyan malamai su sa masa hannu. Mufti Abdul'aziz Ju'ayyiɗ bai ba da fatawar da ake so ba, aka sauke shi. Ibn Ashur ma, yana tsoho ɗan shekara 80 da ɗoriya, ya ƙi, ya tsaya a kan cewa azumi farilla ne da nassin Suratul Baƙara, uzurorin shansa kuma sanannu ne. Labarin da ya shahara a bakin jama'a har yau shi ne cewa ya karanta ayar azumi a rediyo, ya gaskata Allah ya ƙaryata shugaban ƙasa. Abin lura a nan shi ne, hujjar Burgiba da rigar maslaha da manufofin shari'a ta zo, watau fannin da Ibn Ashur ya raya da hannunsa, shi kuwa ya fi kowa sanin cewa manufa ba ta rushe nassi bayyananne. Mutumin da aka zarga da bin fada cikin 1933 shi ne ya ƙi bin fadar cikin 1960.

Daga nan ya lazimci gidansa da littattafansa. Ban da waɗanda aka ambata, ya bar sharhi a kan Muwaɗɗa mai suna Kashful Mugaɗɗa, da wani a kan wuraren da suka yi wuya a Sahihul Bukhari, da littafi a kan tsarin zaman jama'a a Musulunci, ya kuma tace diwanin mawaƙin nan Bashshar ɗan Burdu ya yi masa sharhi. Cikin 1970 ɗansa Muhammadul Fadil, muftin Tunisiya, mai littafin Attafsiru Wa Rijaluhu, wanda ake sa ran shi zai gaje shi, ya riga shi rasuwa. Shi kuma ya cika ranar 12 ga Agusta 1973, daidai da 13 ga Rajab 1393, yana da shekara 94, aka binne shi a maƙabartar Jallaz ta birnin Tunis. Ya ga an buga sashen tafsirinsa da idonsa, amma cikakken bugu mai juzu'i 30 bai fito ba sai 1984, shekara 11 bayan rasuwarsa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.